Amos Tutuola (1920–1997): Maƙerin da Masu Karatu Suka Yi Saɓani a kan Harshensa

A watan Mayu na shekarar 1952, kamfanin ɗab'i na Faber and Faber da ke birnin Landan ya fitar da wani ɗan littafi mai suna The Palm-Wine Drinkard, wato labarin wani mashayin bammi. Marubucinsa masinja ne a Ma'aikatar Ƙwadago ta gwamnatin mulkin mallaka a Legas, kuma duk zaman da ya yi a makaranta bai fi shekara shida ba. Kafin shekara biyu ta cika, an sake buga littafin a Amurka, an fassara shi zuwa Faransanci, manyan jaridun Ingila sun yabe shi. A gida kuwa, wasu daga cikin ƴan bokon Najeriya sun yi fatan da ba a taɓa buga shi ba. Littafi ɗaya suka karanta, cike da fatalwa da dodanni da matattu masu tafiya da baya, amma abin da ya raba kansu shi ne irin Ingilishin da aka rubuta shi da shi. Wannan saɓani ya bi Amos Tutuola har ƙarshen rayuwarsa, shi ne kuma ya sa tarihinsa ya shafi duk mai nazarin kimiyyar harshe.

Tasowarsa

An haifi Amos Tutuola a shekarar 1920 a ƙauyen Wasinmi, kusa da Abeokuta, a ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa manomin koko ne, iyayensa kuma Kiristoci ne. Sai dai kakansa basarake ne mai riƙe da al'adun gargajiya, saboda haka yaron ya tashi yana jin labaran Littafi Mai Tsarki a coci, da dare kuma yana sauraron tatsuniyoyin mafarauta da iskokin daji a tsakar gida. Tun yana ƙarami aka ba da shi aikatau a gidan wani ma'aikacin gwamnati, wanda ya ɗauki nauyin karatunsa a madadin lada. Ya fara da makarantar ƙungiyar Salvation Army, daga baya ya koma makarantar cocin Angilika a Abeokuta. Yaro ne mai kaifin basira, amma a shekarar 1939 mahaifinsa ya rasu, babu mai biyan kuɗin makaranta, karatu ya tsaya nan.

Ya gwada noma bai dace ba, sai ya tafi Legas ya koyi ƙira. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1945, ya yi aikin ƙira a rundunar sojan sama ta Birtaniya da ke Najeriya. Da aka gama yaƙi aka sallame shi, ya so ya buɗe maƙerarsa ta kansa, rashin jari ya hana. A shekarar 1946 ya samu aikin masinja a Ma'aikatar Ƙwadago, a 1947 kuma ya yi aure.

Daga maƙera zuwa alƙalami

Aikin masinja yawancinsa zaman jira ne. Mutumin da hannunsa ya saba da guduma da zugazugi ya samu kansa a kan benci, yana jiran a aike shi. Don kashe wannan lokaci ne ya fara rubuta labaran da ya ji a ƙuruciyarsa, yana ƙara musu abin da tunaninsa ya ƙago. A shekarar 1948 ya kammala wani dogon labari na mafarauci a dajin fatalwa, ya aika wa kamfanin Focal Press na Landan, wanda aikinsa buga littattafan koyon ɗaukar hoto ne. Ya yi musu alkawarin hotunan fatalwar da ke cikin labarin. Da hotunan suka iso, sai aka ga zane-zanen hannu ne aka ɗauka da kyamara. Wannan labari ya kwanta a ajiye har shekarar 1982 kafin a buga shi da sunan The Wild Hunter in the Bush of the Ghosts.

Labarin mashayin bammi ya bi wata hanyar daban. Tutuola ya ga tallar wata ƙungiyar buga littattafan addinin Kirista a cikin mujalla, ya aika musu da rubutunsa. Su ba sa buga irin wannan, amma sun ga akwai wani abu a ciki, suka miƙa shi gaba. Kamfanin Thomas Nelson ya ƙi, Faber and Faber ya karɓa, a lokacin da mawaƙi T. S. Eliot yake cikin daraktocinsa. Tutuola ya san Ingilishinsa bai yi daidai da na littattafan makaranta ba, har ya roƙi kamfanin ya gyara masa kurakurai. Editocin suka taɓa kaɗan, suka bar mafi yawa yadda ya zo, suka kuma sanya hoton shafi ɗaya na rubutun hannunsa a cikin littafin, da alamun gyaransu a kai. Ke nan tun kafin mai karatu ya shiga labarin, an riga an ja hankalinsa zuwa ga harshen.

Abin da ke cikin littafin

Jarumin labarin ɗan mai arziki ne wanda tun yana shekara goma ba shi da wani aiki sai shan bammi. Mahaifinsa ya ba shi gona mai itatuwan kwakwa 560,000, ya kuma ɗaukar masa gwanin hawa da ke ɗebo masa tulu 150 da safe, 75 da yamma. Wata rana gwanin ya faɗo daga bisa ya mutu, bammi ya yanke, abokan shaye-shaye suka watse. Sai mashayin ya ɗauki layunsa ya kama hanyar garin matattu don ya dawo da ma'aikacinsa. A hanya ya kama Mutuwa da raga. Ya ceto wata budurwa da ta ƙi duk manemanta, ta bi wani kyakkyawan baƙo da ta gani a kasuwa, wanda yana shiga daji ya dinga mayar da ƙafafu da hannuwa da fata ga waɗanda ya aro daga wurinsu, har ya rage ƙoƙon kai tsirara yana tsalle. Ya aure ta, ta haifi wani mugun jariri ta babban yatsan hannu. Shi da matarsa suka sayar da mutuwarsu, suka ba da hayar tsoronsu, suka karɓi kuɗi. Bayan shekara goma suka isa garin matattu, inda suka tarar ba a komowa daga can. Abin da mamacin ya iya ba maigidansa shi ne ƙwai guda mai biyan bukata.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji baƙunta a nan ba. Tatsuniyar yarinyar da ta raina samarin garinsu ta auri baƙon da ya rikiɗe ya zama dodo ko maciji sananniya ce a ƙasar Hausa da sauran Afirka ta Yamma. Tafiya mai nisa don neman wani abu mai wuyar samu ita ce kuma ƙashin bayan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito tun 1934. Abin da Tutuola ya ƙara shi ne ma'aunin ofis. Yakan faɗi tsawon dodo da ƙafa, nisan daji da mil, lokacin aukuwar bala'i da ƙarfe kaza, farashin mutuwa da fam da sule da kwabo. Yakan kwatanta halittun daji da bam da tarho da jirgin sama. Firgicin labarin yana ƙaruwa ne saboda ana ba da shi cikin natsuwa, kamar yadda akawu yake cika littafin lissafi.

Masu karatu na waje

Ranar 6 ga watan Yuli na 1952, mawaƙin nan na ƙasar Wales, Dylan Thomas, ya rubuta sharhin yabo a jaridar The Observer. Ya nuna cewa labarin ya firgita shi ya kuma sihirce shi, ya kwatanta Ingilishin da harshe mai ƙuruciya. Wannan sharhi ne ya buɗe wa littafin kasuwa. A 1953 kamfanin Grove Press ya buga shi a Amurka, inda Anthony West ya rubuta a mujallar The New Yorker cewa karanta shi kamar leƙa farkon samuwar adabi ne. Yabo ne, amma da ƙaya a ciki. Yawancin waɗannan masu sharhi sun ɗauki Tutuola a matsayin mutumin da basira ta zubo masa ba tare da ya san abin da yake yi ba, kamar yaro ko mutumin zamanin farko. Ba su san Yarbanci ba, ba su san tatsuniyoyin da ya ɗebo ba, don haka duk abin da ya saɓa wa nahawunsu suka lissafa shi cikin daɗin baƙon abu.

A Faransa kuwa, Raymond Queneau ne ya fassara littafin, kamfanin Gallimard ya buga shi a 1953 da sunan L'Ivrogne dans la brousse. Queneau ya taɓa zama cikin ƙungiyar marubutan da ke bin salon mafarki da saɓa wa hankali, kuma ya daɗe yana fafutukar a rubuta Faransanci yadda ake furta shi a titi. Littafin ya yi daidai da ra'ayinsa ƙwarai, har aka samu masu zaton cewa babu wani Tutuola, Queneau ne ya ƙago shi don ya yi wa jama'a wasa. Masu karatun Paris sun karɓi labarin a matsayin ɗan'uwan adabin mafarki na Turai, alhali marubucinsa yana ganin tatsuniyoyin garinsu kawai yake adanawa kafin su ɓace.

Masu karatu na gida

A shekarar 1954 Faber ya fitar da littafinsa na biyu, My Life in the Bush of Ghosts, labarin yaro ɗan shekara bakwai da ya gudu daga harin masu kamun bayi ya faɗa dajin fatalwa, ya shekara ashirin da huɗu a ciki. A can aka mayar da shi saniya, ya auri fatalwa, ya kuma haɗu da wata aljana mai talabijin a tafin hannu, wadda ta nuna masa mahaifiyarsa a gida. A wannan shekarar ne muhawara ta ɓarke a shafin wasiƙu na mujallar West Africa. Babasola Johnson ya rubuta cewa bai kamata a buga littafin farko ba sam, domin harshensa baƙo ne ga Bature, baƙo ne kuma ga mutumin Afirka ta Yamma. I. A. Akinjogbin, wanda daga baya ya zama shahararren masanin tarihi, ya yi zargin cewa Turawa suna son littattafan ne saboda suna tabbatar musu da abin da suka riga suka ɗauka game da Afirka.

Ƙorafin ya kasu gida uku. Na farko, Ingilishin ya karye. Na biyu, labaran ba nasa ba ne, na kowa ne, kuma ya ɗebi da yawa daga D. O. Fagunwa, wanda ya buga Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale da Yarbanci tun 1938. Na uku, yana nuna Afirka a matsayin ƙasar camfi. Kafin a yi wa waɗannan mutane hukunci, ya kamata a tuna da zamaninsu. Shekara shida kacal ke nan da buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan, ana tsakiyar gwagwarmayar neman mulkin kai, kuma ɗaya daga cikin hujjojin masu mulkin mallaka ita ce baƙar fata bai isa ya riƙe kansa ba. Ɗan bokon da ya sha bulala kafin ya ƙware a nahawun Ingilishi, ya wayi gari ya ga Landan ta tsallake shi ta ɗaga masinja, yana da dalilin yin zargi. Game da niyyar wasu masu yabon, zarginsu ya yi daidai. Kuskurensu shi ne sun huce haushinsu a kan littafin da marubucinsa.

Abu ɗaya ya haɗa ɓangarorin biyu. Mai yabo a Landan da mai suka a Legas duk sun amince cewa harshen Tutuola tarin kurakurai ne. Ɗaya ya ji daɗinsu, ɗaya ya ji kunyarsu. A cikinsu ba a samu wanda ya tsaya ya tambaya ko akwai ƙa'ida a ƙarƙashin abin da ake kira kuskure ba.

Abin da nazarin harshe ya gano

Amsar ta zo daga masana harshe, musamman Adebisi Afolayan, wanda a wani nazari da aka buga a 1971 ya nuna cewa Tutuola yana tsara tunaninsa da Yarbanci, yana tufatar da shi da kalmomin Ingilishi. Sunan littafin kansa ya isa misali. Kalmar Drinkard ba ta cikin daidaitaccen Ingilishi. Ta haɗa drinker, mai sha, da drunkard, wanda giya ke bugarwa, ta ba da ma'ana ta uku: mutumin da sha ya zama masa sana'a. A cikakken sunan littafin kuma akwai kalmar Deads. Ingilishi ba ya yi wa wannan siffa jam'i, amma Yarbanci yana da suna oku, mamaci, wanda ake jam'inta shi da awon, kamar yadda Hausa take da mamaci da mamata. Tutuola yana bukatar matattu a matsayin al'umma mai gari da dokoki, harshensa na uwa ya ba shi ita, sai ya tilasta wa Ingilishi ya karɓa.

Haka abin yake a tsarin aikatau. Ingilishi yana sauya siffar aikatau don nuna lokaci, Yarbanci kuwa ya fi kula da yanayin aiki, ko ya kammala ko yana ci gaba, ta hanyar ƙananan kalmomi da ke gabatar aikatau. Shi ya sa Tutuola yake yawan amfani da sigar ci gaba a inda Bature zai yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci ko sigar sabo. Ɗalibin da ya san bambancin ya sha, yana sha da yakan sha a Hausa zai gane wannan nan take. Ana iya ƙara jerin aikatau a jimla guda, da maimaita kalma don ƙarfafawa, da dogayen jimloli masu sarƙe da juna irin na mai ba da labari da baki. A kan wannan tushe na Yarbanci ne ya ɗora Ingilishin fassarar Littafi Mai Tsarki da na takardun ofis, waɗanda su ne ya fi cuɗanya da su. Ba kowace saɓawa ce take da wannan bayani ba, akwai tuntuɓen alƙalami na wanda karatunsa ya yanke. Amma mafi yawansu suna maimaituwa bisa tsari, abin da yake maimaituwa bisa tsari kuwa nahawu ne.

Marubuta ma sun sake duba lamarin. A 1968 Taban lo Liyong ya kare shi, yana tunatar da cewa James Joyce da Mark Twain sun karya nahawu ba a kore su daga adabi ba. A shekarar ce kuma Wole Soyinka ya fitar da fassarar littafin Fagunwa zuwa Ingilishi, wanda ya ba masu karatu damar kwatanta su biyun: rijiya ɗaya suka ɗebi ruwa, amma Fagunwa yana tsayawa ya yi wa'azi, Tutuola kuwa yana wucewa daga abin tsoro zuwa wani ba tare da jan numfashi ba. A 1977 Chinua Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Ibadan, inda ya nuna cewa littafin mashayin bammi yana da tsari da manufa: mutumin da ya ƙi aiki ya zaɓi holewa, sai aka hukunta shi da shekara goma na wahala, kuma kowane dodo a dajin yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. Bayan shekara ashirin da biyar, an fara karanta Tutuola a matsayin marubucin da ya san abin da yake faɗa.

Sauran rayuwarsa

Duk wannan suna bai sauya zamansa sosai ba. A 1956 ya koma aiki da hukumar watsa labarai ta Najeriya, aka tura shi Ibadan yana kula da sito, a nan ya zauna har ya yi ritaya. Ya ci gaba da rubutu: Simbi and the Satyr of the Dark Jungle a 1955, The Brave African Huntress a 1958, Feather Woman of the Jungle a 1962, Ajaiyi and His Inherited Poverty a 1967. Yana cikin ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961. A farkon shekarun 1960 kuma Kola Ogunmola ya mayar da labarin mashayin bammi wasan kwaikwayo na waƙa da Yarbanci, ya samu karɓuwa ƙwarai, labarin ya koma harshen da aka fara tunaninsa da shi.

Wani abin tausayi shi ne, sukar da aka yi masa ta shige shi. Ingilishin littattafansa na baya ya fi kusantar na makaranta, sai masu sharhin waje suka fara cewa armashinsa ya ragu. Na gida sun ce ya gyara, na waje sun ce kada ya gyara, kowanne yana neman Tutuolan da zai yi masa amfani. Bayan 1967 ya yi shekara goma sha huɗu bai fitar da sabon littafi ba, sai a 1981 da The Witch-Herbalist of the Remote Town ya fito. Girmamawa ta zo a makare: Jami'ar Ife ta gayyace shi zaman bincike a 1979, a 1983 kuma ya halarci shirin marubutan duniya na Jami'ar Iowa a Amurka. Littafinsa na ƙarshe, The Village Witch Doctor and Other Stories, ya fito a 1990.

Tambayar da rayuwarsa ta tayar ba ta tsaya a Ingilishi ba. Ahmadou Kourouma na ƙasar Kodibuwa ya tanƙwara Faransanci bisa tsarin harshen Malinke a Les Soleils des indépendances, kuma sai da aka fara buga littafin a Kanada a 1968 kafin Paris ta karɓe shi a 1970. Bambancinsu shi ne Kourouma mai zurfin karatu ne, don haka aka kira abin da ya yi salo, aka kira na Tutuola kuskure, ko da yake hanyar da harshen uwa yake ratsa harshe na biyu iri ɗaya ce a wurinsu. Malamin da ke gyara takardun ɗalibai a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa yana haɗuwa da jimlolin Faransanci masu ƙashin Hausa ko Zabarmanci kowace rana. Jan alƙalami yana da wurinsa a aji, amma aikin mai nazarin harshe shi ne ya fara bayyana ƙa'idar da ta haifi jimlar kafin a yanke mata hukunci.

Amos Tutuola ya rasu a Ibadan ranar 8 ga watan Yuni na 1997, yana da shekara saba'in da shida, bayan fama da hawan jini da ciwon sukari, ba tare da ya tara wata dukiya ba. An fassara labarin mashayin bammi zuwa harsuna da dama, ana kuma koyar da shi a jami'o'in Afirka da Turai da Amurka. Rubuce-rubucensa na hannu suna ajiye a cibiyar Harry Ransom ta Jami'ar Texas da ke Austin, inda mai bincike zai iya ɗora rubutun masinjan kusa da bugun Landan, ya ƙirga abin da editoci suka taɓa da abin da suka bari.